Waiwaye: Wa ke biyan haya idan ɗan haya na kwance a asibiti a Amurka?

A Amurka, talakan da gwamnati ke taya biyan haya yana iya kwanciya asibiti, a sallame shi ya tarar ɗakinsa ya fita daga hannunsa. Tushen maganar yana komawa 1974, shekarar da aka kafa shirin tallafin haya da ake kira Sashe na 8. Ɗan haya ya biya wani kaso na abin da ke shigo masa, yau kusan kashi 30 cikin 100, hukumar gidaje ta yankinsa ta cika wa mai gida sauran. Sharaɗin dai mutum ya kasance yana zaune a gidan. To, idan ciwo ya ɗauke shi fa?

A waccan shekarar ce kuma aka fara biyan SSI, tallafin tsofaffi da masu buƙata ta musamman, wanda da shi da yawansu ke biyan nasu kason. Dokarsa ta ce wanda ya cika wata guda a asibitin da Medicaid, shirin gwamnati na biya wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin jinya, ke ɗaukar yawancin kuɗinsa, a rage masa zuwa dala 25 a wata, wai ai ci da kwana sun sauka daga wuyansa. Mai gida kuwa ba ruwansa, wata na ƙarewa zai nemi kuɗinsa.

Sai a 1987 majalisa ta gyara. Daga Yulin 1988 majinyaci na iya ci gaba da karɓar cikakken kuɗinsa har wata uku, in likita ya rubuta cewa jinyar ba za ta wuce kwana 90 ba, shi kuma ya nuna yana da gidan da yake riƙe da shi. An kuma ɗaga dala 25 ɗin zuwa 30, kuma a nan ta tsaya har yau.

Ta ɓangaren haya, ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ta ja layi a 1995: kada gida ya wuce kwana 180 a jere babu kowa daga iyalin, ko mene ne dalili. In ya wuce, biya ya tsaya, yarjejeniyar haya ta mutu. Kowace hukuma na da ikon rage wa'adin, tana kuma iya aika wasiƙa, ta buga waya, ko ta tambayi maƙwabta ko ana ganin mutumin. Mai mata da 'ya'ya bai cika damuwa ba, tunda akwai mai kwana a gidan. Wanda ke zaune shi kaɗai ne ke shan wahalar, kuma irinsa sun yi yawa cikin tsofaffi da masu jinyar taɓin hankali ko shaye-shaye.

Shirye-shiryen tsugunar da marasa matsuguni sun fi ƙunci: ƙa'idar 2012 ta ba da kwana 90 a kowace kwanciya. Alhali kuwa tun a 1999 Kotun Ƙoli, a shari'ar Olmstead da wasu mata biyu daga jihar Jojiya suka jawo, ta ce tsare masu buƙata ta musamman a cibiyoyin jinya ba bisa larura ba wariya ce. Ina za a sallami mutum ya nufa in gidansa ya riga ya salwanta?

A ganina rauni mafi girma shi ne takardar likitan nan. Dole ta isa ofishin tallafi kafin sallama ko kafin kwana 90 su cika, duk wanda ya riga zuwa, kuma wanda ake jira ya tuna da ita yana kwance da ledar ƙarin ruwa a hannu.