Manhajojin tsara hasken gini da dare: tambayoyi da amsoshi

Mene ne aikin waɗannan manhajoji?

Suna nuna maka yadda gini zai fito da dare idan aka haska shi daga waje, tun kafin a sayi fitila ko a huda bango. Za ka zana ginin a cikin manhajar, ko ka karɓi zanensa daga mai zanen gini a fayil irin DWG ko IFC. Sai ka faɗa mata da me aka yi bangon, ka dasa fitilu inda kake so, ko a ƙasa, ko a kan dogon ƙarfe, ko a jikin ginin, ka saita inda kowacce za ta fuskanta. Ita kuma ta lissafa yawan hasken da zai sauka a kowane sashe, ta fitar da lambobi da hoto.

Waɗanne aka fi amfani da su?

DIALux ta kamfanin DIAL da ke Lüdenscheid a Jamus ita ce ta fi yaɗuwa, kuma sabon samfurinta, DIALux evo, ya fito a 2012. Akwai Relux daga Suwizalan, da AGi32 wadda ta fi karɓuwa a Amurka. Masu bincike kuwa sun fi son Radiance, wadda Greg Ward ya ƙirƙiro a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley. Mai koyo ya fara da DIALux ko Relux, sun wadatar.

Ta yaya manhaja take sanin halin kowace fitila?

Masu ƙera fitila suna kai ta ɗakin gwaji mai duhu, a riƙa juya ta ana auna ƙarfin hasken da take fitarwa ta kowace kusurwa. Sakamakon ne ake zubawa a ɗan ƙaramin fayil, ko IES, tsarin Amurka da aka fara a 1986, ko LDT, wanda Turai ta fi amfani da shi tun 1990. Da wannan fayil manhaja take gane ko hasken fitila tsukakke ne mai kaiwa ƙololuwar hasumiya, ko bazazze ne mai wanke faffaɗan bango. Fitila biyu za su iya cin wuta daidai, su ba da lumen (jimlar hasken da fitila take fitarwa) daidai, amma aikinsu a jikin gini ya sha bamban. Shi ya sa ba na yarda da fitilar da ba ta da fayil ɗin awo. Kuma duk wanda ya yi lissafi da fayil ɗin wata fitila, ya je ya ɗaura wata daban don ta fi araha, to ya zubar da lissafin nan gaba ɗaya.

Me ya sa ake damuwa da launin bango haka?

Nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Luks yana auna hasken da ya sauka a kan bango, amma ido ba ya ganin wannan. Abin da ido yake gani shi ne hasken da bangon ya mayar, wanda ake aunawa da kandela a kowace murabba'in mita. Idan bangon ba mai sheƙi ba ne, lissafin mai sauƙi ne: a ninka luks da kason da bangon yake mayarwa (0.7 idan kashi 70 cikin 100 ne), a raba da 3.14.

A ce kana son bango ya ba da kandela 10. Farin fenti mai mayar da kashi 70 cikin 100 zai buƙaci luks kusan 45. Jan bulo mai duhu da ke mayar da kashi 20 kacal sai ya sha luks kusan 157, wato ninki uku da rabi. Manhaja ba ta taɓa ganin ginin ba, lambar da ka ba ta kawai take bi. Idan ka bar mata adadin da ta zo da shi alhali bangonka tsohon dutse ne da ya sha ƙura da hayaƙi, za ta ba ka kyakkyawan hoto na wani gini daban. Gilashi kuwa nasa ya fi wuya, domin haske yana ratsa shi ko ya dawo wa mai kallo cikin ido, don haka sau da yawa gara a haska shi daga ciki.

Ina ya kamata a dasa fitila?

Idan ka ninka tazarar fitila da bango sau biyu, hasken da ke sauka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Fitilar da ke nesa tana fuskantar gini kai-tsaye takan shafe masa ado, ya fito a daddale. Wadda aka matso da ita gindin bango tana kallon sama takan fito da kowane zane da sassaƙa, haka ma kowane aibi na filasta. A manhaja za ka matsar da fitila rabin mita ka ga inuwar baranda ta miƙe ko ta taƙaita nan take, abin da a wurin aiki sai an fasa siminti an sake jan waya.

Maƙwabta fa, da hasken da ke tserewa sama?

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin hasken da ya wuce gini ko dai ya shiga tagar mai barci, ko ya kashe wa direba ido, ko ya rikita tsuntsaye masu ƙaura da dare. Hukumar kula da harkar haske ta duniya, CIE, ta sa iyaka a takardarta mai lamba 150: fuskar gini kada ta wuce kandela 5 a kowace murabba'in mita a karkara, 10 a unguwannin zama, 25 a tsakiyar birni. Faransa ma ta kafa doka a 2018 cewa a kashe fitilun haska gine-gine daga ƙarfe 1 na dare. Manhaja tana ba ka damar sa wurin awo a tagar maƙwabci ka ga abin da ke isa can.

To, za a iya dogara da hoton da ta fitar?

A dogara da lambobin fiye da hoton. Allon kwamfuta ba ya iya nuna bambancin duhun dare da ƙyallin fitila yadda ido yake jinsa, kuma ana iya ƙara wa hoto haske don ya burge mai gini. A duba taswirar launuka da ke nuna inda haske ya yi yawa da inda ya gaza. A sa ragin tsufa da ƙura, wato a ninka sakamakon da wani adadi wanda galibi ake ɗauka 0.8, domin fitila ba ta dawwama a kan ƙarfinta na ranar farko. Bayan haka a ɗauki fitila ɗaya ko biyu na ainihin samfurin da aka zaɓa, a je wurin bayan duhu ya yi, a haska bangon, a gwada mai ɗumin launi ta 3000K da fara ta 4000K, a auna da na'urar auna haske, sannan a ba da odar sauran.