Tambayoyin da ake ta yi mini kan wasan cike gidajen kalmomi

Kullum bayan sallar isha'i idan na zauna da jarida a ƙofar bakala, wato kantin kayan masarufi, nan Jidda, sai an samu mai leƙowa da tambaya. Ga amsoshin, kada a sake tsayar da ni.

Mene ne wannan wasa?

Gidaje ne farare da baƙaƙe, kowane farin gida harafi ɗaya. Larabawa suna ce masa kalimat mutaƙaɗi'a. Amsar kowace tambaya kalma ce da za ka rubuta a gidajen: ufuƙi a kwance, amudi a tsaye.

Larabawa ne suka ƙirƙiro shi?

A'a. Wani ɗan jarida ne, Arthur Wynne, a wata jaridar New York ta Amurka, ran 21 ga Disamba 1913.

Baba, ba caca ba ce?

Ina kuɗin da aka zuba? Idan ya hana ka jam'i, laifinka ne.

Amsata daidai ce amma ta ƙi shiga gidajen, me ya faru?

Nan ne sai an yi haƙuri, don dalilin ba ɗaya ba ne. Mafi yawa, kana ƙirga haruffa da boko alhali jaridar Larabci ce a hannunka. Makka a boko haruffa 5 ne, a Larabci 3: mim, kaf, ta marbuɗa. Jidda ma 3. Shadda ba ta cin gida, wasula gajeru ba a rubuta su. Na ga wani ɗana yana goge Muhammad har takardar ta huje, yana neman gida 8 inda 4 ake so. Idan ba wannan ba ne, duba ƙarshen tambayar. In an rubuta ma'akusa, juya kalmar za ka yi ka fara da harafin ƙarshe. In muba'asara ce, an barbaza haruffan, sai kalmomin da suka gitta su nuna maka inda kowanne zai zauna. Wani lokaci kuma ana son alif da lam a gaba, wani lokaci ba a so, ya danganta da wanda ya tsara. Haka hamza: wani yana ɗaukar alif mai hamza daidai da alif tsura, wani ba ya yarda. Akwai kuma inda amsarka ta dace da tambayar, gidajen ma sun yi daidai, amma ba ita ake nufi ba. An ce babban birni a Afirka, haruffa 5. Abuja 5 ce a Larabci, to Yamai da suke ce wa Niyami ma 5 ce, Dakar ma haka. Kada son gida ya sa ka danna Abuja da biro. Jira harafi ɗaya daga kalmar tsaye tukuna.

To da me zan rubuta?

Fensir. Na faɗa ya fi sau goma.

Mene ne mutashabihan?

Harafi ɗaya sau biyu, kamar lam da lam. Ba kalma ba ce, daina wahalar da kanka.

Larabcina bai yi ƙarfi ba, zan iya?

Za ki iya, Hajiya, kwantar da hankalinki. Fara da masu gida biyu, su ne suke maimaituwa: ɗaya daga iyaye, ab ko um, harafin korewa, la, lam ko lan, kogi a Italiya, Po, wato ba da wau. Wanda ya yi Ajrumiya a makarantar zaure ya riga ya san haruffan jarri, kuma suna yawan fitowa.

In duba amsa a waya?

Bayan ka yi iya yinka. Ba kafin shayinka ya huce ba.