Wai me ya sa ake sakin ruwan dam alhali ana kukan rashin ruwa?

Tambaya: Tunda don ajiye ruwa aka gina dam, me zai hana a bar shi ya cika maƙil?

Amsa: Saboda aiki biyu aka ɗora masa kuma ba sa ga maciji da juna. Mai noman rani da mai ba da lantarki so suke ya cika, shi kuwa wanda gidansa ke ƙasa da dam ɗin so yake a bar wuri a ciki wanda zai shanye ambaliya in ta taso, ai randar da ta cika ko moɗa ɗaya ba za ta ƙara ɗauka ba. Shi ya sa injiniyoyi ke da jadawali, kowane wata da iyakar inda ruwa zai tsaya. Can ƙasan dam ɗin akwai ruwan da bai kai bakin bututun fitar da ruwa ba, nan laka ke taruwa, na tsakiya shi ne na amfani, sama kuma fili ne da aka bari da gangan.

Tambaya: To in aka ƙi buɗe ƙofofin fa?

Amsa: Ruwa zai haura ta sama, in da ƙasa aka gina dam ɗin sai ya zaizaye shi ya ɓalle gaba ɗaya. Haka ta faru a dam ɗin Banqiao na ƙasar Sin a 1975, dubun dubatar mutane suka mutu. A dam ɗin Oroville na jihar Kalifoniya ta Amurka kuma a 2017 hanyar fitar da rarar ruwan ce ta fashe, sai da aka kwashe mutum sama da 180,000.

Tambaya: Kenan masu kula da dam ba su da laifi in ruwa ya ci gari?

Amsa: Ni dai ban wanke su duka ba. Sakin ba shi ne laifin ba, lokacin ne. Wanda ya riƙe ruwa don kwaɗayin lantarki har damina ta yi nisa, ranar da ruwan sama ya kece dole ya buɗe komai lokaci guda, alhali da tun makonni baya ya riƙa ragewa kaɗan kaɗan da kogin ya ɗauke ba wanda ya ji. Amma fa a yi adalci, in ya saki da wuri kuma ruwan saman bai zo ba shi za a zaga da rani. Abin da ba shi da uzuri shi ne a saki ba a sanar da mutanen da ke ƙasa da dam ɗin ba.

Tambaya: In dam ya fi ɗaya a kogi guda, wa ke bin wa?

Amsa: Abin da na sama ya saki shi ne abincin na ƙasa. A kogin Kolorado na Amurka tafkin Powell ne ke ciyar da tafkin Mead, dukansu biyun ruwan da dam ya tare ne, kuma jihohi 7 ke rabon ruwan bisa yarjejeniyar 1922, matsalar ita ce an yi lissafin a shekarun da ruwa ya yi yawa, sai aka raba abin da kogin ba ya kawowa kullum. A 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a Mead karo na farko, jihar Arizona ta fi jin yankan.

Tambaya: In ƙasashe ne daban daban fa?

Amsa: Nan ake jin jiki. Yarjejeniyar 1959 ta ba Masar kubik mita biliyan 55.5 na ruwan Nilu a shekara, Sudan 18.5, Habasha da yawancin ruwan ke fitowa daga tsaunukanta ba ta ma cikin zancen. Da ta fara cika babban dam ɗinta mai cin biliyan 74 a 2020, rigimar ta koma kan saurin cikawa da kuma nawa za ta saki a shekarar fari. Ga rana ma da nata kason, kusan biliyan 10 take ƙafar da shi duk shekara daga tafkin Nasser, wato ruwan da dam ɗin Aswan na Masar ya tare.