Ƙara RAM da Sauya Furosesa a Tsohuwar Kwamfutar Tebur

Ƙara RAM da sauya furosesa suna cikin hanyoyin da aka fi bi wajen ƙara wa tsohuwar kwamfutar tebur ƙarfi ba tare da an sayi sabuwa ba. RAM ita ce ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke shimfiɗa aikin da ke hannunta, kuma duk abin da ke cikinta yana gogewa da zarar wuta ta yanke. Furosesa kuwa shi ne guntun da ke aiwatar da umarnin manhajoji. Dukansu biyu suna zaune a kan babban allon da masu gyara ke kira madabod, kuma wannan allo, tare da cifset ɗin da aka like masa, wato guntayen da ke haɗa furosesa da sauran sassa, da ƙaramar manhajar BIOS da ke tayar da shi, shi ne yake shata iyakar abin da za a iya ƙarawa, komai tsadar kayan da aka sayo.

Asali

Al'adar buɗe kwamfuta a ƙara mata kaya ta girmi IBM PC, amma wannan na'ura da ta fito a watan Agustan 1981 ita ce ta mayar da abin ruwan dare. Tana ɗauke da furosesa Intel 8088 mai saurin megahaz 4.77, kuma mafi araharta tana zuwa da RAM kilobayit 16 kacal. A lokacin babu sandar RAM irin ta yau. Ƙananan guntaye ne masu ƙafafu ake dannawa ɗaya bayan ɗaya cikin mazauninsu, jeri bayan jeri, kuma idan allon ya cika sai a sayi katin ƙari a soka. Waɗannan guntaye suna da wata ɗabi'a da ta wahalar da masu gyara: yawan ɗumi da hucewa yakan sa su riƙa zamowa daga mazauninsu a hankali, har ta kai maganin farko ga kwamfutar da ta ƙi tashi shi ne a bi su da babban yatsa a danna kowanne ya koma. A gefen furosesa kuma IBM ta bar wani mazauni fayau domin Intel 8087, mataimakin da ke saurin lissafi mai ɗigo, wanda ana iya ɗaukarsa a matsayin ƙarin furosesa na farko da masu irin wannan kwamfuta suka sani.

Zuriyoyin RAM

A farkon shekarun 1980 kamfanin Wang Laboratories ya fito da dabarar tara guntayen a kan siririn allo guda, wato SIMM. Na farko yana da haƙora 30, wato mahaɗan ƙarfe da ke gefensa, kuma yana ɗaukar bit 8 a lokaci ɗaya, don haka kwamfuta mai furosesa 486, wadda hanyar bayananta bit 32 ce, sai an cika mata huɗu a tare kafin ta gane su. Mai haƙora 72 da ya biyo baya yana ɗaukar bit 32, amma da Pentium ya zo a 1993 da hanya mai bit 64 sai ya zama dole a riƙa saka shi biyu-biyu. Wajen tsakiyar shekarun 1990 ne wata sabuwar sanda, DIMM mai haƙora 168, ya kawo ƙarshen wannan lissafi, domin sanda ɗaya ta isa ta cika hanyar.

Daga nan sai zuriyar RAM da ake kira DDR, wadda ƙungiyar JEDEC ke tsara ƙa'idojinta. DDR ta farko ta shiga kasuwa wajen shekarar 2000 da haƙora 184 da wuta bolt 2.5. DDR2 ta biyo baya wajen 2003 da haƙora 240 da bolt 1.8, sai DDR3 a 2007 da haƙora 240 ita ma amma bolt 1.5, sai DDR4 a 2014 da haƙora 288 da bolt 1.2, sannan DDR5 wadda aka wallafa ƙa'idarta a 2020. Babu wadda ke shiga ramin 'yar'uwarta. Kowace sanda tana da giɓi a tsakanin haƙoranta, kowane rami kuma yana da ɗan tudu da ke shiga giɓin, kuma an sauya wa giɓin wuri daga zuriya zuwa zuriya da gangan, ta yadda ko DDR2 da DDR3 da adadin haƙoransu ɗaya ne ba za su zauna a rami ɗaya ba. Wanda ya ga sanda ta ƙi shiga ya tilasta mata, yawanci ramin yake fasawa.

Akwai wani reshe da ya mutu da wuri. Kwamfutocin Pentium 4 na farko sun yi amfani da RDRAM ta kamfanin Rambus, wadda ba a barin raminta fayau sai an cike shi da wata sanda marar guntaye domin layin ya haɗu. Tsadarta na cikin abin da ya sa kasuwa ta juya mata baya cikin 'yan shekaru.

Iyakar abin da allo ke ɗauka

Dacewar giɓi ba ta nufin kwamfuta za ta karɓi sanda. Kowane cifset yana da iyakar jimillar RAM da yake iya gani da kuma iyakar girman sanda ɗaya, kuma tsofaffin alluna sukan kasa karanta sandar da aka haɗa da 'yan guntaye manya, ko da girmanta bai wuce iyaka ba. Wani lokaci su nuna rabinta, wani lokaci su ƙi tashi gaba ɗaya. Haka nan sandunan da aka ciro daga manyan kwamfutocin saba (server), waɗanda ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, musamman sanduna masu rijista, wato masu ƙarin guntu da ke tsakanin RAM da allo, suna cika kasuwar kayan hannu da araha, amma mafi yawan allunan tebur ba sa aiki da su. Idan aka haɗa sanduna masu sauri daban-daban, duka sukan koma tafiya da saurin wadda ta fi nawa, bisa bayanin da ke rubuce a ƙaramin guntun SPD na kowace sanda. Allunan da ke da tsarin hanya biyu sun fi ba da sauri idan an saka sanduna biyu iri ɗaya a ramukan da littafin allon ya nuna, waɗanda sau da yawa launinsu ɗaya ne.

Babbar manhaja ma tana da tata iyakar. Windows mai bit 32 na kwamfutocin gida ba ya iya amfani da fiye da gigabayit 4, kuma a aikace abin da yake gani yakan tsaya tsakanin 3 da 3.5, saboda katin hoto da sauran na'urori suna cin wani ɓangare na adireshin da Windows ke gano ma'ajiya da su.

Tarihin soket

A zamanin 486 ne soket (mazaunin furosesa a kan allo) mai ɗan hannu ya yaɗu, wanda ake ɗaga hannun a ajiye furosesa ba tare da danna shi ba, sannan a mayar da hannun ya kama ƙafafun. Intel da kanta ta ga kasuwa a nan, ta fara sayar da jerin furosesoshin ƙari na OverDrive a 1992 domin masu tsofaffin alluna. Masu sha'awar tarihin kwamfuta sukan tuna da Socket 7 na 1995 da kewa, domin a mazauni ɗaya mutum yana iya saka Pentium na Intel, ko K5 da K6 na AMD, ko 6x86 na Cyrix, muddin ya daidaita ƙarfin wuta da sauri da hannunsa ta hanyar sauya wa wasu ƙananan maɗaurai wuri a kan allon. Kuskure a wannan daidaitawa yana iya ƙona furosesa nan take. Wannan tarayya ta watse bayan Intel ta koma Slot 1 da Pentium II a 1997, AMD kuma ta kama nata tsarin da Athlon a 1999, kuma tun daga lokacin allon da aka ƙera wa ɗayansu ba ya ɗaukar na ɗayan.

A 2004 Intel ta fito da LGA 775, inda ta ɗauke ƙafafun daga jikin furosesa ta mayar da su cikin soket, wato haɗarin lanƙwashewa ya tashi daga furosesa ya koma kan allo. Wannan soket ya ga Pentium 4 da Pentium D, sannan Core 2 Duo a 2006 da Core 2 Quad bayansa, kuma shi ne misalin da ya fi nuna cewa sunan soket kaɗai ba ya wadatarwa: allunan farko masu cifset 915 da 925 ba sa aiki da Core 2 duk da cewa yana zama daram a cikinsu. Daga baya wasu masu gwaji sun gano cewa ana iya saka Xeon na LGA 771, wanda aka yi domin saba, a allon 775 ta hanyar manna wata 'yar takarda da ke musanya mahaɗai biyu, da yanke ƙananan tudun roba na soket, da gyara BIOS. Babu kamfanin da ya amince da wannan dabara, amma ta tsawaita rayuwar alluna masu yawa.

Bayan 775 Intel ta riƙa sauya soket kusan duk bayan zuriya biyu: LGA 1156 a 2009, 1155 a 2011, 1150 a 2013, 1151 a 2015, 1200 a 2020, 1700 a 2021. LGA 1151 ya zo iri biyu masu kama ɗaya, inda allunan zuriya ta 6 da ta 7 ba sa ɗaukar furosesoshin zuriya ta 8 da ta 9. AMD ta fi daɗewa a kan soket. Furosesoshin AM3 na 2009 suna iya aiki da DDR2 da DDR3, don haka da yawansu suna shiga tsofaffin allunan AM2+. AM4 kuwa, wanda ya bayyana a 2016, ya ɗauki Ryzen tun daga na farko a 2017 har zuwa jerin 5000. A 2020 kamfanin ya fara sanar da cewa tsofaffin cifset ba za su ɗauki jerin 5000 ba, sannan ya janye bayan ƙorafin masu saye.

Tun daga Athlon 64 na 2003 a ɓangaren AMD, da Nehalem na 2008 a ɓangaren Intel, sashen da ke kula da RAM ya koma cikin furosesa, saboda haka a kwamfutocin da suka biyo baya furosesa ma yana da ta cewa a kan irin RAM da yawanta.

Yadda ake aikin

Ana farawa da gano sunan allo da lambar BIOS ɗinsa, ko dai daga rubutun da ke jikinsa ko ta manhaja irin CPU-Z, sannan a duba jerin furosesoshin da maƙerin ya ce allon yana ɗauka. Idan sabon furosesa yana buƙatar sabon BIOS, wajibi ne a sabunta shi tun tsohon yana ciki, domin mafi yawan tsofaffin alluna ba sa tashi da furosesan da ba su sani ba. Ana kuma duba yawan wat da furosesa ke buƙata, tunda ƙananan kwamfutocin ofis na manyan kamfanoni sau da yawa ba a ƙera masu da'irar wuta da fankar da za ta jure wa mai zafi ba. Wasu ƙanana sosai an like musu furosesa da dalma, ba ya cirewa.

Bayan an zare wayar wuta an taɓa ƙarfen akwatin domin sauke wutar da jiki ke tarawa, saka RAM aikin minti ɗaya ne: a buɗe maƙallan gefe, a daidaita giɓi, a danna ƙarshen sanda biyu har maƙallan su rufe da kansu da ɗan ƙara. Furosesa ya fi son natsuwa. Tsohon man da ke tsakaninsa da ƙarfen sanyaya yakan bushe ya kama kamar gam, kuma a soket irin su AM3 da AM4 wanda ya fizgi ƙarfen kai tsaye yakan tumɓuko furosesa tare da shi, ƙafafu a lanƙwashe. Shi ya sa masu gyara ke kunna kwamfutar ta ɗan yi ɗumi tukuna, sannan su murɗa ƙarfen dama da hagu kafin su ɗaga. Ana goge tsohon man da barasar goge na'ura, a daidaita alamar kusurwa uku ta furosesa da ta soket, a ɗiga sabon mai kamar ƙwayar wake a tsakiya, a mayar da ƙarfen, a kuma tabbatar an jona wayar fanka. Idan kwamfutar ta tashi, akan gwada RAM da manhaja irin MemTest86 na wasu sa'o'i, saboda sanda mai lahani tana iya aiki kwana da kwanaki kafin ta fara lalata fayil.

Amfani da saɓanin ra'ayi

Ƙarin RAM yana kawo sauƙi ne a fili idan wadda ke ciki ta gaza, har kwamfuta ta koma jibge aikinta a faifan ajiya mai nawa. Idan ta riga ta wadata, ƙarin ba ya sauya komai da za a lura da shi. Sauya furosesa ya fi tasiri idan an tashi daga mai cibiya biyu, wato sassa biyu masu aiwatar da umarni a lokaci guda, zuwa mai huɗu ko fiye. Masu gyara da dama suna ganin maye gurbin faifai mai juyawa da SSD, wato ma'ajiya ta guntaye marar juyawa, ya fi duka biyun tasiri a aikin yau da kullum. Akwai kuma saɓani a kan ko tsawaita rayuwar tsohuwar na'ura ya fi sayen sabuwa mai ƙarancin shan wuta alfanu ga muhalli.

Windows 11, wanda ya fito a 2021, yana neman RAM gigabayit 4 da na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma jerin furosesoshin da Microsoft ta amince da su ya fara ne galibi daga zuriya ta 8 ta Intel da Ryzen 2000 na AMD. Tallafin gama-gari na Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Allunan LGA 1155 da 1150 ba su da wani furosesa da ke cikin wancan jeri, don haka masu su sukan ci gaba da tsohon Windows ko su koma Linux.