Rushewar Rana Plaza: Tambayoyi da Amsoshi kan Bayyana Gaskiyar Kamfanoni da Haƙƙin Ma'aikata

Mene ne ya faru a Rana Plaza, kuma me ya haɗa shi da batun bayyana gaskiya?

Rana Plaza bene ne mai hawa takwas a garin Savar da ke kusa da Dhaka, babban birnin Bangaladesh. Banki da shaguna suna ƙasa, masana'antun ɗinki guda biyar suna sama. A ranar 23 ga Afrilun 2013 aka ga bangon ginin ya tsattsage, aka kira injiniya ya duba, ya ce zama a cikinsa haɗari ne. Ma'aikatan banki da masu shaguna suka kulle suka tafi. Washegari da safe masu ɗinki suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa suna tsoron shiga, sai manajojinsu suka yi musu barazanar riƙe albashin wata. A lokacin mafi ƙarancin albashi taka 3,000 ne a kuɗin Bangaladesh, kimanin dala 38, kuma wanda yake ciyar da iyali da wannan kuɗin ba shi da bakin yin gardama. Wajen ƙarfe tara wutar lantarki ta ɗauke, aka tayar da manyan janaretocin da ke sama, ginin ya girgiza ya rufta. Mutum 1,134 suka rasu, kimanin 2,500 suka jikkata, akasarinsu mata.

Bayan haka 'yan jarida da 'yan ƙungiyar ƙwadago suka shiga tonon baraguzai suna tsinto 'yan ƙyallayen nan da ake ɗinkawa a wuyan riga masu ɗauke da sunan kamfani, haɗe da takardun odar kaya da ƙura ta rufe, domin babu wata hanyar da za a san waɗanda ake yi wa ɗinkin. Kamfanin tufafi na Primark ya amsa da wuri cewa ana yi masa aiki a can. Benetton kuwa da farko ya musanta, sai da hotunan rigunansa suka fito sannan ya yarda.

Ashe kamfanonin ba su da manufofin kare haƙƙin ɗan Adam a rubuce?

Suna da su. Tun daga shekarun 1990 manyan kamfanonin tufafi ke wallafa ƙa'idojin da suka hana sa yara aiki da tilasta wa ma'aikata, kuma suna tura masu bincike zuwa masana'antu. Biyu daga cikin masana'antun Rana Plaza an taɓa bincikarsu kafin rushewar, amma binciken bai shafi ƙarfin ginin ba. A Karachi ta Pakistan, gobara ta kashe fiye da mutum 250 a masana'antar Ali Enterprises a watan Satumban 2012, makonni kaɗan bayan an ba ta takardar shaidar cika ƙa'ida. Matsalar a fili take: sau da yawa mai masana'anta ne ke biyan mai binciken, ana sanar da ranar zuwansa, a share hanyoyin fita a koya wa ma'aikata abin da za su faɗa, sannan rahoton ya ƙare a cikin durowar ofis, inda ma'aikaciyar da rayuwarta ta rataya a kansa ba za ta taɓa ganinsa ba. A ganina manufar da babu wani na waje da zai iya tantance ta ba ta wuce talla ba.

To me ya kamata manufa ta gaskiya ta ƙunsa?

Ma'aunin da aka fi yarda da shi shi ne ƙa'idoji 31 da Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a watan Yunin 2011, waɗanda Farfesa John Ruggie ya jagoranci tsarawa. Sun ɗora wa gwamnati nauyin kare haƙƙi, sun ɗora wa kamfani nauyin mutunta shi, sun kuma tanadi cewa wanda aka cutar ya sami hanyar neman gyara. Ana son kamfani ya gano inda harkarsa ke iya cutar da mutane, har da wajen 'yan kwangilarsa, ya ɗauki mataki, ya bi sawu, ya kuma faɗa wa jama'a sakamakon. Sai dai waɗannan ƙa'idoji ba doka ba ne, kuma kusan shekara biyu ke nan da amincewa da su lokacin da benen ya faɗi.

A aikace, me ya canja bayan rushewar?

Babban canjin shi ne yarjejeniyar kiyaye gobara da ingancin gine-gine da aka rattaba wa hannu a watan Mayun 2013, tsakanin kamfanoni da yawansu ya haura 200 da ƙungiyoyin ƙwadago na Bangaladesh da na duniya, wato IndustriALL da UNI, tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya (ILO), wadda hukuma ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a kujerar shugabanci. Abin da ya bambanta ta da alkawuran baya shi ne tana da ƙarfin doka, domin ƙungiyar ƙwadago na iya kai kamfanin da ya saɓa gaban masu sasanci, kuma an yi hakan. Injiniyoyi masu zaman kansu suka binciki masana'antu fiye da 1,600, aka sa rahotannin a intanet da sunan kowace masana'anta, da hotunan wayoyin lantarki da ke zube a fili, da ƙofofin ƙarfe masu kwaɗo a hanyar fita, da ginshiƙan da aka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinsu, da wa'adin da aka ba da na gyara kowane ɗaya. Masana'antar da ta ƙi gyara tana rasa cinikin dukkan kamfanonin da suka sa hannu a lokaci guda. An kuma rubuta a fili cewa ma'aikaci na da 'yancin ƙin shiga wurin da yake ganin haɗari ne ba tare da an taɓa albashinsa ba, wato ainihin abin da aka hana masu ɗinkin Savar a safiyar 24 ga Afrilu. Wasu kamfanonin Amurka, irin su Walmart da Gap, sun ƙi shiga, suka kafa nasu tsarin. An sabunta yarjejeniyar a 2018 da 2021, kuma ta faɗaɗa zuwa Pakistan a 2023.

Wallafa jerin masana'antun da kamfani ke sayen kaya daga gare su shi ma ya yaɗu. Nike ya yi tun 2005, a lokacin da ake ganin hakan tonon asirin kai ne. Amfaninsa shi ne idan aka kori ma'aikata ba bisa ƙa'ida ba, ƙungiyarsu ta san ofishin da za ta rubuta wa ƙorafi.

Kamfanoni suna cewa masana'antun ba nasu ba ne. Shin wannan ba hujja ba ce?

Gaskiya ne mai ginin da hukumomin da suka bari aka ƙara wa ginin hawa babu izini su ne na farko a laifi. Amma mai sayen kaya shi ke yanka farashi, shi ke sa ranar da dole jirgi ya tashi da kayan, shi ke cin tarar wanda ya makara. Mai masana'antar da aka matse ta wannan fuska ba zai rufe aiki na kwana guda saboda tsagewar bango ba, kuma sau da yawa yakan miƙa wani ɓangare na odar ga ƙaramar masana'antar da ba a taɓa bincika ba. Saboda haka bayanin da ya tsaya kan laifin 'yan kwangila, ya yi shiru kan farashi da wa'adin da kamfanin kansa ke gindayawa, bai cika ba. Wannan bai yi nisa da mu ba, domin wanda ya juya wuyan rigar gwanjo a kasuwa ba wuya ya ga sunan Bangaladesh a jiki.

Akwai dokokin da suka tilasta hakan?

Akwai, amma ƙarfinsu ya bambanta. Dokar Birtaniya ta yaƙi da bautar zamani ta 2015 ta wajabta wa kamfanin da cinikinsa ya kai fam miliyan 36 a shekara ya wallafa matakan da ya ɗauka, sai dai ya halatta ya rubuta cewa bai ɗauki ko ɗaya ba. Dokar Faransa ta 2017 ta fi tsauri, domin ta buƙaci kamfani mai ma'aikata 5,000 a cikin ƙasar, ko 10,000 a duniya, ya tsara shirin sa ido ya aiwatar da shi, kuma ana iya maka shi kotu. Ta Jamus ta fara aiki a 2023.

Su kuma iyalan waɗanda suka rasu, an biya su diyya?

An biya, amma da jan ƙafa. An kafa asusu ƙarƙashin kulawar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da nufin tara dala miliyan 30, kuma da yake zuba kuɗin ganin dama ne, sai a watan Yunin 2015 aka cika adadin, bayan fiye da shekara biyu ana zanga-zanga a ƙofofin shaguna a Turai. A tsawon wannan lokacin akwai waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa kafin a zaro su daga ƙarƙashin kankare, suna zaune ba aiki. Sai a 2022 Bangaladesh ta fara gwajin tsarin inshorar rauni a wurin aiki ga masu ɗinkin tufafin da ake fitarwa waje, wanda kamfanonin da ke sayen kayan suke ba da gudummawa a cikinsa.