Wayar wuta a kan tsauni: dokar Kalifoniya ba ta karɓar uzurin "iska ce"

Masu zama kusa da manyan layukan wutar lantarki a yankunan tsaunuka sukan yi zargin cewa wayoyin nan ne ke korar hadari, ko su ke jawo hazo. Dalilin zargin a fili yake: idan da raɓa ko hazo, waya mai ƙarfi takan yi ta tsartsar ƙara, wani lokaci har da ɗan haske da dare. Abin da ke faruwa shi ne wutar na tartsatsi cikin iskar da ke manne da wayar, kuma tasirin a nan kusa yake tsayawa. Bai kai ya juya gajimare ko ya hana ruwa sauka ba. Yanayin ne ke wahalar da wayar, kuma a kan wannan jihar Kalifoniya ta Amurka ta gina dokokinta.

Sashe na 4293 na kundin dokokin albarkatun ƙasa na jihar ya ambaci tsauni da sunansa. Duk mai layin wuta da ya ratsa tsauni, ko daji, ko ƙasa mai ciyawa da ƙananan itatuwa, wajibi ne ya bar tazara tsakanin waya da kowane tsiro a lokacin da ake fargabar gobara. Layi mai ƙarfin bolt 2,400 zuwa ƙasa da 72,000, ƙafa huɗu. Daga 72,000 zuwa ƙasa da 110,000, ƙafa shida. Daga nan zuwa sama, ƙafa goma. Busasshiyar bishiya ko ruɓaɓɓiya da ta karkata wajen waya kuwa, sare ta za a yi ko a datse, ko da tana bayan wannan tazara.

Akwai wani sharaɗi a sashen da ya nuna masu rubuta shi sun san halin ƙarfe. Tazarar dole ta ci gaba da cika ko da zafin iska ya kai digiri 120 a ma'aunin Farenhait, kusan 49 ke nan a ma'aunin Selshiyos. Waya in ta ji zafi miƙewa take yi, cikinta ya sauko. A tsauni kuma turke da turke kan yi nisa sosai, domin sau da yawa wayar kwari take tsallakewa daga wannan tudu zuwa wancan, don haka saukowar takan yi yawa. Injiniyan da ya auna da sanyin safiya ya ga ƙafa goma cif, bai fita ba tukuna.

Sanyi ma an yi masa tanadi. Hukumar CPUC mai sa ido kan kamfanonin wuta tana da Umarni na 95, wanda ya ce layin da aka gina a inda tsayin ƙasa ya haura ƙafa 3,000 daga teku, a lissafa masa nauyin ƙanƙara mai kaurin rabin inci a kewayen waya, ga kuma iska tana turawa a lokaci guda.

Duk wannan yana rubuce kafin ranar 8 ga Nuwamba, 2018. Da asubar ranar busasshiyar iska ta gangaro ta kwarin kogin Feather da ƙarfi. A jikin wani turken ƙarfe na layin Caribou-Palermo, mai bolt 115,000, wanda ya kusa shekara ɗari da ginawa, akwai ƙugiyar da ke riƙe da waya. Shekara da shekaru iska na kaɗa ta tana goga da marataya, har ta cinye. Ta tsinke, waya ta taɓa turke, tartsatsi ya faɗa ciyawa. Cikin 'yan sa'o'i garin Paradise ya ƙone. Mutum 85 suka rasu, gine-gine sama da 18,000 suka salwanta. A 2020 kamfanin PG&E mai wannan layin ya amsa laifin kisa ba da gangan ba har 84. Tarar da doka ta ba da damar a ci shi ba ta wuce dala miliyan 3.5 ba, abin da ko kusa bai kama ƙafar ɓarnar ba. Inda kamfanin ya ji jiki shi ne diyya.

Kotunan Kalifoniya suna ɗaukar kamfanin wuta tamkar hukuma mai yi wa jama'a aiki. Idan kayan aikinsa suka ƙona dukiyar wani, zai biya, ko da ba a tabbatar da sakaci ba. Hujjar ita ce, tunda kowa na morar wutar, bai kamata asarar ta faɗa kan mutum ɗaya da gidansa ya zo a bakin hanya ba. Wannan nauyi ne ya sa PG&E ya nemi kariyar kotu a matsayin wanda ya karye a Janairun 2019, daga baya ya amince da biyan dala biliyan 13.5 ga waɗanda gobarori daban-daban suka shafa.

To, kamfanin da ya san zai biya ko ta halin ƙaƙa, me zai yi in ya ga iska ta taso? Ɗauke wuta. Hukumar CPUC ta yarda da haka, amma da sharuɗɗa, waɗanda ta faɗaɗa ga dukan manyan kamfanoni a 2018 ta ƙara tsaurara su a 2019. Ɗauke wutar ya zama mataki na ƙarshe bayan an rasa wata dabara. In da hali, a sanar da 'yan kwana-kwana, asibitoci da hukumomin gari awa 48 zuwa 72 kafin lokaci, sauran jama'a kuma awa 24 zuwa 48. Marasa lafiyar da ke dogaro da na'urar numfashi a gida sai an yi ƙoƙari na musamman a tabbatar saƙon ya kai gare su. Bayan an maido da wuta, kamfani na da kwanakin aiki goma ya kai rahoton dalilinsa.

A ganina nan ne dokar ta fi rauni. Mai yanke shawarar kashe wuta shi ne wanda zai biya diyya in ya bar ta, alhali abincin da ya lalace a firiji da shagon da ya kwana uku a rufe ba daga aljihunsa suke fita ba. A farkon Oktoban 2019 PG&E ya katse wa gidaje da wuraren kasuwanci sama da 700,000 wuta a karo guda. Duk da haka, ranar 23 ga watan gobarar Kincade ta tashi daga wani babban layi mai bolt 230,000 a tsaunukan gundumar Sonoma. An kashe ƙananan layukan yankin, an bar babban yana aiki, domin kashe irinsa na jefa garuruwa masu nisa cikin duhu.

Majalisar jihar ta kafa asusun dala biliyan 21 a 2019 don biyan diyyar gobarar da za ta zo nan gaba, rabi daga masu hannun jarin kamfanoni, rabi daga kuɗin wutar da jama'a ke biya. A 2021 PG&E ya yi alkawarin binne waya mai tsawon mil 10,000 a ƙarƙashin ƙasa. Haƙa rami a cikin dutse aiki ne mai tsada da jan lokaci, kuma galibin kuɗin a takardar wutar wata-wata yake ɓullowa.