Fatsar ƙwaron gashi daga jirgi: kamun kifin tirawut a manyan tafkuna

Fatsar ƙwaron gashi hanya ce ta kamun kifi da ƙugiyar da ba a sa mata tana ko wani abin ci. Ana naɗe ƙugiyar da gashin tsuntsu da zare da ɗan ulu, har ta ɗauki kamannin ƙwaron da kifi ya saba ci a ruwa. A rafi daga gaɓa ake yin ta, amma a babban tafki sai an shiga jirgi, kuma kifin da aka fi nema da ita shi ne tirawut, ɗan ruwan sanyi, dangin salmon. Salon ya fi kafuwa a Ayilan da Sikotlan da Ingila da Niyu Zilan. Dabarar tsohuwa ce. Wani marubucin Rum mai suna Claudius Aelian, wajen shekara ta 200 miladiyya, ya bayyana yadda mutanen Masadoniya ke ɗaura jan ulu da gashin zakara a ƙugiya su kama kifi mai ɗigo-ɗigo a jiki.

Kifin da kansa

Iri biyu aka fi farauta. Akwai mai launin ƙasa-ƙasa da jajayen ɗigo, Salmo trutta, wanda asalinsa Turai ne da yammacin Asiya da duwatsun Atlas na arewacin Afirka. Akwai kuma mai jan zane a gefe, Oncorhynchus mykiss, ɗan asalin kogunan da ke zuba a tekun Fasifik daga Amurka ta Arewa da gabashin Rasha. Na farkon ya fi wayo da tsoro. Na biyun ya fi saurin girma, kuma idan ƙugiya ta kama shi yakan yi ta tsalle sama da ruwa, shi ya sa ake kiwonsa a zuba a madatsun ruwa.

Rayuwar tirawut gaba ɗaya a kan sanyin ruwa ta rataya. Ya fi walwala tsakanin digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Salshiyas. Da zarar ruwa ya haura 20 sai ya rage ci, ya nemi zurfi, kuma idan ya daɗe a wajen 25 mutuwa yake yi. Dalilin yana cikin iskar oksijin: ruwa mai digiri 10 yana riƙe kusan miligiram 11 a kowace lita, mai digiri 30 kuwa bai kai 8 ba, alhali kifin yana ƙara buƙatarta idan jikinsa ya ɗumama. Mai launin ƙasa yakan bar tafki a ƙarshen shekara ya hau ƙananan rafuka masu tsakuwa ya zuba ƙwai, don haka ake rufe kamunsa a lokacin. A Sikotlan daga 15 ga Maris zuwa 6 ga Oktoba kawai doka ta yarda a kama shi.

Kayan aiki

Babban abin da ya raba wannan fatsa da wadda muka sani shi ne inda nauyi yake. A fatsar gargajiya dalma ko tana ce ke jan zare idan an jefa. A nan ƙwaron bai da nauyin komai, don haka zaren ne aka yi wa kauri da nauyi. Masunci yana kaɗa sanda baya da gaba kamar makiyayi da bulalarsa, zaren ya miƙe a iska, ya ɗauki ƙwaron ya sauke shi a hankali a kan ruwa. Sandar jirgi takan kai ƙafa 10 zuwa 11, yawanci ta zaren kabon, mara nauyi mai lanƙwasa. Zaruruwa suna da lamba gwargwadon nauyin ƙafa 30 na farkonsu, kuma a tafki an fi amfani da lamba 6 zuwa 8.

Zare iri-iri ne. Wani yana yawo a saman ruwa, wani yana nutsewa kaɗan-kaɗan, wani kuma an auna nutsewarsa: inci 3, ko 5, ko 7 a daƙiƙa. Wannan awo shi ke ba masunci ikon sanin inda ƙwaronsa yake ba tare da ya gan shi ba. Idan ya jefa mai inci 5 ya ƙirga daƙiƙa 20 kafin ya fara ja, ya san zaren ya sauka kusan mita biyu da rabi. Idan a nan kifi ya ci, sai ya riƙe wannan ƙirga. A bakin zaren mai kauri ake ƙulla siririn nailan mai tsawon mita 4 zuwa 6, wanda kifi ba ya gani sosai, kuma a jikinsa ake rataya ƙwari uku: ɗaya a ƙarshe, biyu a gajerun rassa.

Ɗaurin ƙwaro sana'a ce mai zaman kanta, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Mai ɗauri yana matse ƙugiya a ƙaramin maƙami, ya naɗa zare daga ido zuwa lanƙwasa, ya sa silin gashi uku ko huɗu su zama wutsiya. Sai ya murza gashin zomo a jikin zaren da yatsa biyu, ya naɗe shi ya zama jiki, ya bi shi da siririyar waya mai ƙyalli don kada haƙorin kifi ya warware shi. Daga ƙarshe ya ɗauki gashin wuyan zakara guda, ya zagaya shi kusa da idon ƙugiya har silinsa su miƙe ko'ina, su zama ƙafafun da za su tsaya a kan ruwa. Duka abin wani lokaci bai kai faɗin farce ba. Wanda ya taɓa zama gefen mai ɗinkin hula ko mai aikin babbar riga a zangon Kumasi zai gane irin natsuwar hannun da ake buƙata.

Jirgi da iska

A nan ne zuciyar maganar take. Babban tafki ba ya nuna wa mutum inda kifi yake, kuma ba a zama wuri ɗaya a jira. Salon da ya samo asali daga tafkunan Sikotlan da Ayilan shi ne a kashe inji, a juya gefen jirgi ga iska, a bar ta ta tura shi sannu a hankali. Masunta biyu suna zaune, ɗaya a kowane kai, iska na bayansu, suna jifa gaba. Kowace jifa tana sauka a sabon ruwan da jirgi bai riga ya tsorata ba. Sau da yawa akwai matuƙi a tsakiya riƙe da filafilai, yana gyara tafiyar jirgi don ya bi gefen tsibiri ko saman tudun duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa. Jiragen tafkunan Ayilan sukan kai ƙafa 17 zuwa 19, kuma matuƙin da ya san tafki ya fi kowace sanda mai tsada amfani.

Idan iska ta yi ƙarfi jirgi yakan yi gudu har ya hau kan zare. Maganinsa laimar ruwa ce, wani faffaɗan ƙyalle da ake ɗaure da igiya a jefa ta ɓangaren da iska ke fitowa. Yana buɗewa a cikin ruwa ya riƙe jirgin. Idan kuma iska ta ɗauke gaba ɗaya, ruwa ya kwanta sumul, wannan ce ranar wahala, domin kifi yana ganin zare da inuwar mutum daga nesa. Ranar da masunta ke so ita ce mai hadari a sama da ƴar iska mai ɗumi da ke karya fuskar ruwa.

Jifar ba ta da nisa, mita 10 zuwa 15 ta wadatar. Masunci yana jan zare da hannun hagu gwargwadon tafiyar jirgi, sannan ya ɗaga sanda sama har ƙwaron da ya fi kusa da sanda, mai yawan gashi, ya fito ya riƙa taɓa kan igiyar ruwa yana barin ɗan layi a bayansa. Ana riƙe shi a haka daƙiƙu kaɗan kafin a sake jifa. A wannan ɗan tsakanin, ƙafa kaɗan daga jirgi, tirawut yakan taso: a ga rawayan cikinsa ya juya a ƙarƙashin kumfa, baki ya buɗe, ƙwaro ya ɓace. Sabon shiga yakan fizgi sanda nan take ya cire ƙugiya daga bakin kifin. Gwani yana jira kifin ya juya kansa ƙasa tukuna, sannan ya ɗaga.

Ana kuma lura da layukan da iska ke shatawa a kan ruwa, dogaye masu santsi da kumfa. Ƙwarin da suka faɗa ruwa a nan suke taruwa, kifi kuma yana bin layin yana fuskantar iska yana tsinta.

Abincin kifi da zurfinsa

Zaɓen ƙwaro yana bin abin da ke ƙyanƙyashewa. A farkon bazarar Turai ƙananan ƙwari ne masu kama da sauro amma ba sa cizo, waɗanda tsutsarsu ke tasowa daga laka. A watan Mayu zuwa farkon Yuni babban ƙwaron nan mai fukafukai a tsaye, Ephemera danica, yake fitowa bayan kusan shekara biyu a ƙasan tafki, ya yi kwana ɗaya ko biyu a sarari ya mutu. A tafkin Corrib na yammacin Ayilan, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 176, wannan lokaci kamar biki ne. Ana ma sa ƙwaron mai rai a ƙugiya, a ɗaura zaren siliki mai kama iska a doguwar sanda, a bar iska ta riƙa taɓa shi a kan ruwa. Idan kaka ta gabato da fara ake yin haka.

Da tsakiyar zafi ruwan tafki mai zurfi yakan rabu hawa-hawa, mai ɗumi a sama, mai sanyi a ƙasa. Kifi ya sauka, sai a koma ga zare mai nutsewa, ko a fita da asuba da almuru. Da kaka kuma manyan kifaye suna bin ƴaƴan wasu kifaye, don haka ake ɗaura ƙwaro dogo mai fari da ƙyalli.

Yaɗuwarsa a duniya

Turawan Birtaniya sun kai tirawut kusan duk inda suka sami ruwan sanyi. Ƙwan mai launin ƙasa ya isa tsibirin Tasmaniya na Ostireliya a 1864, daga can aka kai Niyu Zilan a 1867, mai jan zane kuma ya biyo baya a 1883. Tafkin Taupo na Niyu Zilan, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 616, ya zama ɗaya daga cikin mashahuran wuraren kamunsa, kuma a ƙasar doka ta hana sayar da tirawut, sai dai mutum ya kama da kansa. A Ingila madatsun ruwan sha irin su Grafham da Rutland sun buɗe wa talaka wasan da a da na masu filaye ne. A Afirka yana rayuwa a tsaunukan Kenya da Lesoto da Afirka ta Kudu.

Wannan yaɗuwa ta zo da ɓarna. Tirawut mafarauci ne, kuma ya rage ƙananan kifayen asali na Niyu Zilan ƙwarai. Ƙungiyar IUCN mai kula da kare halittu a duniya ta sa duka irin biyu a jerinta na baƙin halittu 100 mafiya illa. Bai kamata wani ya yi sha'awar zuba baƙon kifi a ruwa don wasa ba.

A Gana

Babu tirawut a tafkunan Gana, kuma zafin ruwa ba zai bar shi ba. Tafkin Volta, wanda madatsar Akosombo ta samar bayan kammala ta a 1965, yana da faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, amma samansa ba ya sauka kusa da sanyin da kifin ke buƙata a kowane wata. Haka tafkin Bosomtwi, kimanin kilomita 30 kudu maso gabashin Kumasi, wanda faɗowar dutse daga sama ta haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da suka wuce. Masuntansa a kan katako suke zama su tuƙa da hannu, suna kama ƙananan karfasa da raga. Mutumin Nima ko Aboabo ya fi sanin bandar da ake saukowa da ita daga Yeji. Idan ya ci karo da wannan fatsa, galibi a talbijin ne, ko ta bakin ɗan'uwa mazaunin Ingila ko Jamus.

Duk da haka dabarar ba baƙuwa ba ce ga ruwanmu. Bayan cikar Volta wani dangin ƙwaron nan na watan Mayu, Povilla adusta, ya yawaita a jikin itatuwan da ruwa ya shanye, ya zama abincin kifaye da dama. Tsage da giwan ruwa mafarauta ne, kuma a wasu ƙasashen Afirka ana kama su da ƙwaron gashi mai kamannin ƙaramin kifi, sai dai ga tsage dole a sa guntun waya gaban ƙugiya saboda haƙoransa suna datse nailan. Mai son gwadawa a Volta sai ya san cewa barin jirgi ga iska a can ya fi hatsari, domin kututturan da ke tsaye a ƙarƙashin ruwa sun sha fasa jirage. Ana buƙatar matuƙi ɗan wurin, da rigar ceto a jiki tun daga gaɓa, da tabarau da hula saboda ƙugiyar da ke wucewa kusa da fuska. Sandar kabon tana ɗaukar wutar tsawa, don haka da hadari ya haɗo ake kwantar da ita a cikin jirgi a nufi tudu.